Ernest Cole da Makomar Hotunansa

Sana'ar ɗaukar hoton jarida, wato kawo labari da kamara kamar yadda marubuci yake kawo shi da alƙalami, ta kasu gida biyu tun lokacin da jaridu da mujallu suka fara dogaro da hoto. Akwai ma'aikacin gidan jarida, wanda yake karɓar albashi a ƙarshen wata, edita ya aike shi inda ya ga dama, kuma duk abin da ya ɗauko ya zama mallakar gidan, a ba shi lamba a shigar da shi ma'ajiya. Akwai kuma mai zaman kansa, wanda yake sayen fim da kuɗin aljihunsa, ya zaɓi inda zai je da abin da zai duba, sannan ya bi gidajen jarida da abin da ya samo, a saya ko a ƙi. Na biyun ya fi na farkon 'yanci nesa ba kusa ba, amma 'yancin nan yana tafe da wani nauyi da ba a cika lura da shi ba sai bayan mutum ya kau, domin wanda ba shi da ubangida a wurin aiki ba shi da ma'ajiyar da za ta riƙe masa aikinsa ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Tarihin Ernest Cole, baƙar fata ɗan Afirka ta Kudu wanda ya rayu daga 1940 zuwa 1990, ya haɗa waɗannan fuskoki biyu, domin zaman kansa ne ya ba shi damar ɗaukar hotunan da suka tona asirin mulkin wariyar launin fata, kuma shi ne ya bar aikin nasa ba mai tsaya masa har ya ɓace wa duniya na kimanin shekara 40.

Ba za a gane girman abin da Cole ya yi ba sai an san irin ƙasar da ya tashi a ciki. A 1948 jam'iyyar National Party ta tsirarun fararen fata ta hau mulki, ta mayar da wariyar da aka daɗe ana yi ta zama tsararriyar doka mai suna apartheid, kalmar da take nufin warewa a harshen Afirkans. Dokar rajistar jama'a ta 1950 ta raba mutanen ƙasar rukuni-rukuni bisa launin fata, aka sami farare da baƙaƙe da ruwa-biyu, wata dokar ta wannan shekarar ta ƙayyade unguwar da kowane rukuni zai zauna, dokar 1952 kuwa ta ɗora wa duk namiji baƙar fata da ya kai shekara 16 yawo da wani ɗan littafi da ake kira fas, mai ɗauke da hotonsa da sa hannun wanda yake yi wa aiki da shaidar biyan haraji da izinin zama a cikin gari. Duk wanda ɗan sanda ya tare bai nuna fas ba, ko ya nuna wanda hatimi ɗaya ya yi ƙaranci a cikinsa, to a bayan kanta zai kwana. Ke nan tun kafin Cole ya riƙe kamara hoto ya riga ya shiga rayuwar baƙar fata, amma a matsayin igiyar da hukuma take ɗaure shi da ita.

An haifi Ernest Levi Tsoloane Kole ranar 21 ga Maris, 1940, a unguwar Eersterust da ke gefen birnin Pretoria, mahaifinsa tela ne, mahaifiyarsa kuwa sana'ar wanki take yi. Ya bar makaranta bai kammala ba saboda ƙin tsarin ilimin da dokar 1953 ta shimfiɗa wa 'ya'yan baƙar fata, tsarin da aka gina a kan cewa bai kamata yaro baƙi ya koyi abin da ya wuce bukatar ƙwadago ba, sai ya ci gaba da karatu ta hanyar wasiƙa, wato a aiko wa ɗalibi darasi ta gidan waya ya amsa ya mayar. A 1958 ya sami shiga mujallar Drum a Johannesburg, inda ya yi aiki a ƙarƙashin Jürgen Schadeberg, Bajamushen da yake shugabantar sashen hotuna. Drum, wadda aka kafa a 1951, ita ce makarantar da ta yaye manyan masu hoto baƙar fata irin su Bob Gosani da Peter Magubane, kuma ta yi suna har ana fitar da bugu na musamman domin masu karatu a Nijeriya da Gana. A can Cole ya koyi aikin ɗakin duhu, wato ɗakin da ake toshe duk wata kafar haske domin wanke fim da buga hoto a takarda, ya kuma koyi tsara shafi, wato yadda ake jera hotuna su bi juna har su ba da labari ba tare da dogon bayani ba.

Abin da ya juya tunaninsa shi ne wani littafin hotuna na Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson a kan mutanen birnin Mosko, wanda ya nuna masa cewa mutum ɗaya da ƙaramar kamara zai iya tattara rayuwar al'umma guda a cikin littafi. Ya ƙudurta yi wa ƙasarsa irin wannan aiki, amma babu gidan jaridar da zai ɗora wa ma'aikacinsa shi, domin aiki ne na shekaru, kuma duk jaridar da ta buga shi a cikin ƙasar ta sayi rigima da gwamnati. Saboda haka bayan ya ɗan taɓa aiki a jaridar Bantu World, sai ya koma cin gashin kansa a farkon shekarun 1960, yana sayar da hotuna ga Drum da Rand Daily Mail da wasu jaridu domin samun na abinci da na fim, har ake lasafta shi a matsayin baƙar fata na farko da ya yi wannan sana'a a matsayin mai zaman kansa a ƙasar. Zamanin ma ya zo da tsanani, domin a ranar da ya cika shekara 20, wato 21 ga Maris, 1960, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu zanga-zangar ƙin fas a Sharpeville suka kashe mutum 69, aka kuma haramta ƙungiyoyin ANC da PAC masu yaƙi da wariya jim kaɗan bayan haka. Unguwarsu ta Eersterust ma ba ta tsira ba, domin an tashi baƙaƙen da ke cikinta aka mayar da su Mamelodi, don haka lokacin da ya zo ɗaukar hoton rusau da korar jama'a daga gidajensu, abin da ya taɓa faɗa wa gidansu yake ɗauka.

Babban cikas ga mai hoto baƙar fata shi ne fas ɗin nan, domin mai zaman kansa ba shi da ubangidan da zai riƙa sa masa hannu, kuma wanda ba shi da sa hannu ba shi da izinin yawo a birni. Cole ya warware wannan ƙulli ta hanyar shawo kan jami'an rajista su mayar da shi rukunin ruwa-biyu, waɗanda dokar fas ba ta hau kansu ba, ya kuma sauya rubutun sunansa daga Kole zuwa Cole domin ya dace da sabon rukunin. Da wannan dabara ya sami sararin shiga wuraren da ido bai saba kaiwa ba, kamar gidajen kwanan leburorin haƙar zinariya da asibitoci da makarantu da kotunan da ake yanke wa masu laifin fas hukunci, kuma inda aka hana shiga da kamara yakan ɓoye ta a ƙarƙashin abinci a cikin jakar takarda ya wuce masu gadi.

Hoton da ya fi kowanne shahara a cikin aikinsa ya fito ne daga wurin ɗaukar leburorin haƙar ma'adinai, waɗanda ake kwasowa da kwangila daga ƙauyuka da maƙwabtan ƙasashe irin su Mozambik da Lesotho da Malawi. A hoton ana ganin jerin maza magidanta tsirara haihuwar uwarsu, sun juya baya sun fuskanci bango, kowa ya ɗaga hannuwansa sama, suna jiran likita ya duba ko jikinsu zai jure aikin ƙarƙashin ƙasa. Babu duka a hoton, babu jini, babu ma fuskar kowa, amma duk wanda ya san darajar sutura ga babban mutum ya san abin da aka ƙwace musu. Wani hoton kuma na wani yaro ne ɗan makaranta a cikin aji mai cunkoso, ya tsuguna a ƙasa saboda babu benci, gumi yana gangarowa a fuskarsa, idanunsa kuwa ya kafe su a kan darasi kamar ransa ya rataya a kansa. A nan Cole ya haɗa abu biyu a fuska ɗaya, wato ƙuncin da aka jefa yaron a ciki da kuma ƙishin ilimin da ƙuncin ya kasa kashewa. Haka ya bi jiragen ƙasa da ma'aikata suke maƙalewa a jikinsu da asuba, da mata 'yan aiki da suke renon 'ya'yan Turawa alhali nasu suna can nesa, da bencunan da aka rubuta cewa na Turawa ne kaɗai, har ya kai sansanin Frenchdale, inda gwamnati take jefa mutanen da ta kora daga garuruwansu ba tare da shari'a ba. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan ya gina aikinsa, domin gwamnatin tana iya ƙaryata rahoto, amma da wuya ta ƙaryata abin da kowa ya gani da idonsa.

Da 'yan sanda suka fara matsa masa, sai ya fice daga ƙasar a watan Mayun 1966, ya bi ta Faransa da Ingila ya isa New York a watan Satumba, 'yan kwanaki bayan an kashe firayim minista Hendrik Verwoerd a cikin majalisa. A 1967 kamfanin Random House ya buga littafinsa mai suna House of Bondage, wato gidan bauta, da gabatarwar Joseph Lelyveld, wakilin jaridar New York Times da gwamnatin Afirka ta Kudu ta kora. An tsara littafin babi-babi, kowane babi ya ɗauki ɓangare ɗaya na rayuwa, daga mahaƙa zuwa fas, daga makaranta zuwa asibiti, daga gidajen giya zuwa wuraren ibada, ta yadda mai karatu zai ga cewa wariya tsari ne da ya mamaye mutum daga safiyarsa har darensa. Gwamnati ta haramta littafin, ta kuma toshe wa mai shi hanyar komawa gida ta hanyar hana shi fasfo, ya zama mutumin da ba shi da ƙasa tun yana ɗan shekara 28. Duk da haramcin, kofe-kofen littafin sun riƙa zagayawa a ɓoye a cikin ƙasar, kuma masu hoton da suka taso daga baya sun koyi abubuwa da yawa daga gare shi.

A Amurka ya sami tallafin Gidauniyar Ford domin ɗaukar rayuwar baƙar fata a birane da ƙauyukan kudu, ya zagaya unguwar Harlem da biranen Chicago da Cleveland da Memphis da Atlanta da Los Angeles, a daidai lokacin da aka kashe Martin Luther King a watan Afrilun 1968. Ya kuma riƙa zuwa ƙasar Suwidin, inda ya yi hulɗa da ƙungiyar masu hoto ta Tiofoto. Sai dai aikin Amurka bai fito a littafi ba a rayuwarsa, kewar gida da rashin takardu da rashin kuɗi suka taru suka yi masa nauyi, har ya ajiye kamara a cikin shekarun 1970, ya kai matsayin da wani lokaci ba shi da wurin kwana a New York. Ya rasu da cutar daji a watan Fabrairun 1990 yana da shekara 49, kimanin mako ɗaya bayan an saki Nelson Mandela daga kurkuku, aka mayar da tokar gawarsa Afirka ta Kudu. Na tsawon shekaru abin da aka ɗauka shi ne cewa mutum ne mai littafi ɗaya, wanda baiwarsa ta ƙafe da ya bar ƙasarsa, kuma babu hujjar da za a ƙaryata wannan zato da ita tun da ba a san inda finafinansa suke ba.

A nan ne ya kamata a bayyana abin da ake nufi da taskar mai hoto, domin ba tarin hotunan da aka buga a takarda ba ne kawai. Tushenta shi ne negatif, wato yankin fim ɗin da haske ya faɗa a kai a cikin kamara, wanda bayan an wanke shi fari yake fitowa baƙi, baƙi kuma ya fito fari, kuma daga gare shi ake buga kowane kofe, don haka shi ne uwar hoto, idan ya salwanta babu mai maye gurbinsa. Tare da shi akwai takardar gwaji, wadda ake jera duk yankan fim ɗaya a kai a buga su ƙanana-ƙanana, ta yadda za a ga abin da mai hoto ya ɗauka kafin hoton da ya zaɓa da abin da ya ɗauka bayansa. Sannan akwai littattafan rubutu da wasiƙu, waɗanda suke faɗin wuri da rana da sunan mutane. Masanin tarihi yana bukatar waɗannan duka, domin hoto guda yana nuna abin da ya faru a cikin ƙiftawar ido, amma jerin fim yana nuna yadda aka kai ga hakan. Fim kuwa abu ne mai rauni, zafi da laima da ƙura suna lalata shi, kuma mutumin da yake kwana yau nan gobe can ba zai iya yawo da shi ba, dole ya bar shi a hannun wani.

Haske na farko ya ɓullo ne bayan da David Goldblatt, fitaccen mai hoto ɗan Afirka ta Kudu, ya karɓi kyautar Gidauniyar Hasselblad a 2006, ya kuma duba tarin hotunan Cole da aka buga a takarda waɗanda suke ajiye a wannan gidauniya a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin. Abin da aka gano shi ne cewa da yawa daga cikin hotunan littafin an datse gefunansu domin su dace da shafi ko su ƙara zafin saƙo, alhali a cikakkiyar surarsu suna nuna mutum mai natsuwa wajen tsara abin da ya shiga cikin hoto da abin da ya bari a waje. Daga nan aka shirya baje kolin da aka buɗe a gidan zane na Johannesburg a 2010, shekara 20 bayan rasuwarsa, wanda ya ba mutanen ƙasarsa damar ganin aikinsa da yawa a wuri ɗaya.

Babban al'amarin ya faru ne a 2017, lokacin da bankin SEB da ke Stockholm ya miƙa wa kwamitin amintattu na iyalin Cole, ƙarƙashin jagorancin Leslie Matlaisane, ɗaya daga cikin 'ya'yan 'yan'uwansa, wasu akwatunan ajiya masu ɗauke da negatif kimanin 60,000 tare da takardunsa. Idan aka ƙiyasta da fim mai ɗaukar hoto 36, wannan ya haura naɗin fim 1,600, kuma an same su a tsare cikin kyakkyawan yanayi. Bankin ya ce ba shi da bayanin wanda ya kawo ajiyar ko wanda ya riƙa biyan kuɗinta. Abin da ya fito daga akwatunan ya rushe tsohon zato, domin kaso mai yawa na finafinan a Amurka aka ɗauke su, wanda ya nuna cewa Cole ya shafe shekaru yana aiki tuƙuru a gudun hijira, kuma abin da ya rasa shi ne mai bugawa da mai ajiyewa. A 2022 kamfanin Aperture ya sake buga House of Bondage da ƙarin wani babi a kan fasaha da ƙirƙirar baƙar fata, wanda Cole ya shirya amma bai shiga bugun farko ba, sannan aka fitar da hotunansa na Amurka a littafi mai suna The True America. A 2024 Raoul Peck, mai shirya fim ɗan ƙasar Haiti, ya fitar da fim a kan rayuwarsa da ɓacewar taskarsa, wanda ya sami kyauta a bikin finafinai na Cannes, kuma a wannan shekarar Gidauniyar Hasselblad ta amince ta mayar wa iyalin hotuna sama da 500 da aka daɗe ana taƙaddama a kan mallakarsu.

Abin da ya sami taskar Cole ya sami wasu ma a wannan sana'a. Negatif kimanin 4,500 da Robert Capa da Gerda Taro da David Seymour suka ɗauka a yaƙin basasar Sifen sun ɓace a farkon yaƙin duniya na biyu, ba su isa cibiyar hotuna ta New York ba sai a 2007, bayan sun shafe shekaru a ƙasar Meziko. Priya Ramrakha, ɗan ƙasar Kenya da aka kashe kusa da Owerri a 1968 yana ɗaukar hoton yaƙin basasar Nijeriya, sai bayan shekaru da dama aka gano tarin aikinsa a wani gareji a Nairobi. A duk waɗannan wurare abu ɗaya ne yake maimaita kansa, wato mutumin da ya shiga haɗari domin ya ajiye wa jama'a shaida shi ne wanda ba a tanadar masa inda zai ajiye shaidar ba, har sai sa'a ko riƙon amanar wani da ba a san shi ba ya cece ta.

Saboda haka batun taskar Cole ya wuce batun gado tsakanin iyali da gidauniya, ko da yake haƙƙin mallaka yana da muhimmanci ga dangin da suka rasa ɗansu tun yana saurayi. Hotunan nan shaida ce a kan zaluncin da aka yi wa miliyoyin mutane, kuma wanda duk ya riƙe su, banki ne ko gidauniya ko jami'a ko dangi, amana ya riƙe, wadda sauke ta ya ƙunshi tsare fim daga lalacewa, da mayar da shi cikin kwamfuta, da rubuta wuri da shekarar kowane hoto, da buɗe ƙofa ga masu bincike da sauran jama'a. Aikin da ya fi gaggawa shi ne na gano sunaye, domin yawancin mutanen da ke cikin hotunan ba a rubuta ko su wane ne ba, kuma waɗanda za su iya gane su tsufa yana cim musu. Yaron nan da ya tsuguna a aji gumi yana zuba a fuskarsa, idan yana raye, yanzu dattijo ne da ya kai shekara 70 ko fiye, kuma shi da leburorin da suka fuskanci bango da matan da suka yi renon 'ya'yan wasu suna da 'ya'ya da jikoki a Soweto da Mamelodi da ƙauyukan Lesotho, waɗanda suka fi kowa cancantar a nuna musu hotunan a tambaye su sunan wanda suke gani.